Golmon da Na Yi a Ɗakin Kwamfuta

Ni dai ban iya noma ba, kuma duk Zuru babu wanda bai sani ba, don surukina ya tabbatar labarin ya kai har Dabai. A bariki aka haife ni, can kudu, inda gonarmu gaba ɗaya ba ta wuce wani tsohon bokiti da mahaifiyata ta shuka tattasai a ciki ba. Da mahaifina ya ajiye kaki muka dawo gida, abin da na zo da shi takardar karatun kwamfuta ne, da Hausar bariki, da tafin hannu mai laushi. C'lela kuwa, yaren mutanenmu, gaisuwa kawai na iya, ita ma sai tsofaffi sun yi dariya kafin su amsa.

Ban daɗe da dawowa ba na ga wata malama, tana koyar da lissafi a makarantar da mahaifinta ya gina a bayan gidansa. Baki gare ta kamar me, ni kuma abin da ya ja ni ke nan. Muka daidaita tsakaninmu ba wahala, wahalar tana wajen Baba, wato mahaifin nata.

A wajenmu, tun kaka da kakanni, saurayi ba ya zuwa neman aure da baki kawai. Golmo yake shiga, wato shi da tsaransa su riƙa yi wa uban yarinya noma damina bayan damina, a da har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Yanzu gidaje da yawa sun sassauta, wasu ma sun bari. Amma Baba tsohon soja ne, kuma shi da kansa ya yi golmon uwar yarinyar nan bai rage ko kunya ɗaya ba. Ya ce wa mahaifina ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai ga zufarsa ba.

Na ce ba komai, noma ne dai. Na ari fartanya na tafi gonarsa da ke hanyar Dabai, lokacin noman farko, dawa ta fito ke nan. Na duƙa na yi aiki bilhaƙƙi har rana ta ɗaga, ina jin kaina namiji. Da Baba ya iso sai ya tsaya a bakin gona yana duba aikina. Ashe dawar na yi ta cirewa, ciyawar kuwa na bar ta, har ina tara mata ƙasa a gindi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Fartanyar kawai ya karɓa a hankali, ya tambaye ni ko akwai wata tsohuwar gaba tsakanin gidanmu da dawa.

Washegari ya aiko in same shi a makaranta. Ya kai ni wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, ya nuna mini baƙar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe ta, gizo ya yi saƙa a bayanta. Ita ce saba, wato babbar kwamfutar da duk ƙananan da ke ajin yara suke ɗebo darasi da littattafai da tambayoyin gwajin jarrabawa daga gare ta. Wani ne ya haɗa musu ita shekarun baya, ya samu aiki a wani gari, tun daga nan ba a sake taɓa ta ba.

Amma ba darasin yara ne ya sa Baba yake ji da akwatin nan ba. Matarsa ta rasu kafin mu dawo gida. Ita ce mai ba da waƙa a cikin matan cocinsu, kuma ta yi shekaru tana bin ƙauyuka da rediyo mai kaset tana ɗaukar waƙoƙin tsofaffin mata da C'lela, tana rera wasu da kanta. An kwashe su aka zuba a sabar, kaset-kaset ɗin kuma daga baya danshi da gara suka gama da su. Kullum da safe, kafin a kaɗa wa yara ƙararrawa, Baba yakan shiga ɗakin nan ya rufe ƙofa ya saurari waƙa ɗaya.

"Ga gonarka," in ji shi. "Ranar da na zo da safe na kunna ban ji muryarta ba, golmonka ya koma farko."

Na kalle shi ko zan ga alamar wasa, ban gani ba.

Da na zauna na duba cikinta, gabana ya faɗi. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita mai kyau ce, irin ta kyauta da aka yi musamman don saba, amma an bar ta a buɗe. Kalmar sirrin shiga sunan makarantar ne, har mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa zai iya cankawa. Kuma tana haɗe da intanet. Na buɗe inda take rubuta duk wanda ya yi ƙoƙarin shiga, sai ga baƙi daga ƙasashen da ban taɓa mafarkin zuwa ba, suna ta gwada kalmomi ba dare ba rana. Na kira Baba na nuna masa. Na zaci zai tsorata, sai na ga idonsa ya kawo haske, sojan da ya kwanta a jikinsa ya miƙe. Ya tambaye ni ƙofa nawa gare mu, wa ke gadin kowacce, kuma me ya sa aka bar sansani ba shinge.

Daga ranar muka zama abokan aiki. Na tayar da katangar tsaro, na rufe duk ƙofar da ba a bukata. Na hana shiga daga nesa da kalmar sirri, sai da wani mabuɗi na musamman da ke kwamfutata kaɗai. Na kunna tsarin da ke killace kowace manhaja a ɗakinta, ta yadda ko ɓarawo ya kama ɗaya ba zai tsallaka zuwa ta gaba ba. Abin da ya fi burge Baba shi ne sabar ba ta karɓar wani sabon kaya sai ta ga hatimin waɗanda suka ƙera ta a jikinsa. Wata rana wani malami ya kawo wata manhaja da ya samo ko'ina, ta ƙi karɓa ƙememe. Baba ya yi dariya har da buga tebur, ya ce da irin wannan ne a bakin ƙofar barikinsu da ya samu barci a rayuwarsa.

Ya kuma ɗora mini rahoton safe. In ya gama sauraron waƙarsa ya buɗe ƙofa, sai in shigo in tsaya, a tsaye fa, in gaya masa su wa suka ƙwanƙwasa jiya da yadda aka kore su. In na ce an kwana lafiya ba wanda ya zo, har ransa ba ya so. Malamar tawa kuwa takan leƙo da kunu a kofi ta ce, sannu manomi, yaya shuka? In ce mata ai dawata ba ta jin tsoron fari. Ta ce dawar ce dai take jin tsorona. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin na lokacin nan ba.

Waƙoƙin kuwa tun makon farko na kwafe su a faifai daban, na kai gidan mahaifiyata na ajiye, na kuma zuba wa Baba a wayarsa. Ya karɓa ya yi godiya, amma ya ce wannan hoto ne, mai hoton tana cikin akwati. Na buɗe baki zan yi masa bayani cewa duk ɗaya ne, malamar ta taka mini ƙafa. Na gane cewa sharaɗin yana nan yadda ya faɗa, daga wannan akwatin zai ji ta ko kuma in koma farko.

Muna haka har damina ta zagayo, sai sanarwa ta zo cewa zubin manhajar da muke kai ya tsufa, masu ita sun kusa daina aiko masa da gyaran tsaro. Dole a ɗaga sabar zuwa sabon zubi. Da na gaya wa Baba sai ya ce a'a tun ban rufe baki ba. Abu yana aiki lafiya lau, me ya kawo taɓa shi? Na yi ta zagaye-zagaye ban samu kansa ba, sai da na ce masa masu gadi ne za a janye daga tsohon sansani, duk wanda ya ƙi tashi zai zauna shi kaɗai, kuma waɗancan masu ƙwanƙwasar sun san da haka.

Da ya kira ni bayan kwanaki, tambaya ɗaya ya yi, in ana tsakar aiki wani abu ya faru fa? Na ce masa masu wannan manhajar sun yi tunanin haka. Ba a rushe tsohuwa a gina sabuwa a kanta. A gefe ake gina sabuwar, kamar sabon rumbu kusa da tsoho, ba a kwashe hatsi sai an gama an ɗora jinka an duba ba ya yoyo. In aikin ya tsaya a hanya, tsohon rumbu yana nan da hatsinsa. Na faɗi wannan da ƙarfin hali ƙwarai. Gaskiyar magana na gwada a wata tsohuwar kwamfutata ya tafi sumul, amma a ranar ba abin da ya katse shi, sauran kuwa karantawa na yi.

Baba ya ce to, wannan shi ne noman ƙarshe. In sabar ta rera masa waƙa washegari, in turo manyana. Sai dai ba a yin golmo mutum ɗaya kamar ɓarawo, in zo da tsarana a yi shi yadda ake yi.

Haka kuwa aka yi, ranar wata Asabar. Abokaina suka zo, da bakanike da mai gyaran waya da 'yan uwana daga Mahuta, kowa da fartanya a kafaɗa don tsokana, har da mai ganga. Suka cika harabar makaranta suna waƙar noma, alhali aikin gaba ɗaya mutum ɗaya ne zai danna maɓalli ya zauna yana kallo. Matan gidan suka ɗora manyan tukwane, tuwon dawa da miyar yakuwa, Baba ya sa aka yanka akuya. Ni kuwa na shirya tsaf. Na san wutar gari ba abin dogaro ba ce, don haka batiran sola na cike, janareto na da mai, na duba kowace waya da soket. Na zauna na lissafa duk abin da zai iya yanke wuta a gidan nan, na ce na gama.

Na fara aikin bayan azahar. Sabar ta sauko da kayanta, ta duba hatimi ɗaya bayan ɗaya, ta shiga gini, layin da ke nuna ci gaba yana jan ciki a kan allo. Niyyata in zauna a gabanta har ta gama. Sai ga gwaggon malamar a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta ce ba a taɓa yin mai golmon da ya ƙi cin tuwon gidan surukai ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Na ce a kawo mini nan. Ta nuna mini takardar da ni da hannuna na manna a ƙofa cewa an hana shiga da abinci. Ba yadda na iya, na fita.

Ƙarƙashin mangwaro aka shimfiɗa tabarmi. Tuwon ya yi daɗi, ganga ta yi daɗi, abokaina suka ja ni rawa, malamar tana gefe tana dariyar yadda nake taka ƙafa kamar mai fareti. Ban lura da hadarin da ya taso daga bayan duwatsu ba sai da iska ta kaɗa ganye, aka yi wata tsawa mai ƙarfi.

Akwai abin da kowa a gidan ya sani, ni ma na sani, amma ko kusa bai zo mini a rai ba. Shekarun baya tsawa ta taɓa ƙone wa Baba talabijin da firji a rana ɗaya. Tun daga nan ya sa aka yi masa wani babban makunni a baranda wanda ke yanke komai na gida da makaranta lokaci guda, da wutar gari da sola da batir. Da an yi tsawar farko, ko yana cin abinci ne, zai tashi ya sauke shi. Ina riƙe da lomar tuwo na hango tsohon nan ya zabura da gudun da ban taɓa sanin yana da shi ba. Kafin in haɗiye in yi magana, ya kama makunnin ya ja ƙasa. Fankar ɗakin kwamfuta ta tsaya.

Ya juyo yana haki, fuskarsa cike da murna. "Na cece ta," ya ce.

Sai ya ga fuskata. Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi hannunsa, murnar ta zube. Ya nemi benci ya zauna. Ruwa ya kece, kowa ya kwaso kwano da tabarma aka cunkushe a baranda, mai ganga ya rungume gangarsa. Ba a isa a mayar da wuta ba sai tsawa ta wuce, don haka ba abin yi sai jira. Baba bai ce laifinsa ba ne, bai ce nawa ba ne, ruwa kawai yake kallo. Na tausaya masa fiye da kaina, ko da yake kaina ma na tausaya masa sosai, don na san mutumin nan ba ya janye maganarsa ko da a kansa za ta faɗa.

Malamar ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali ko zancen rumbun nan gaskiya ne. Na ce haka yake a rubuce.

"To rubutun zan aura?" ta ce. Amma ta riƙe gefen rigata ba ta saki ba.

Da ruwa ya tsagaita, tsawa ta yi nisa, Baba ya miƙe da kansa ya ɗaga makunnin. Muka shiga ɗakin, shi da ni da malamar, sauran suka toshe taga da ƙofa da kawunansu. Na danna maɓalli. Fanka ta juya. Fararen rubutu suka fara gudu a baƙin allo, sai suka tsaya cak. Can sai wani layi ya fito yana cewa aikin da aka fara bai kammala ba, an ajiye shi gefe, an tashi da tsohon zubi. Allon da muka saba gani ya bayyana, komai yana wurinsa, kamar ba abin da ya faru.

Na matsa wa Baba kujera. Ya zauna ya lalubi waƙa ya danna. Muryar matar ta fito tas, siririya mai zaƙi, ruwa yana ɗiga daga kwanon rufi a waje. Ita ce rana ta farko da na ji ta, don kullum ƙofa a rufe yake sauraro. Da ta kai wurin amshi sai gwaggo ta karɓa daga bakin ƙofa, sauran mata suka bi, mai ganga ya sa hannu a hankali. Malamar tana kuka tana dariya. Baba bai motsa ba har waƙar ta ƙare, sannan ya goge fuska da hularsa ya ce mini noma bai ƙare ba, in koma bakin aiki.

Na sake farawa daga farko. Wannan karon Baba ya ɗauki kujera ya dasa a gaban makunnin, ya ce shi ne mai gadi, duk wanda ya matso zai gamu da shi. Kowa ya san wa ake gadi, amma ba wanda ya faɗa. Can nesa tsawa ta ɗan yi gurnani, na ga hannunsa ya ɗaga da kansa, sai ya kama shi ya tura ƙarƙashin cinya ya zauna a kai. Abokaina suka kwashe da dariya har bakanike ya faɗo daga benci. Kafin rana ta faɗi sabar ta gama gini, ta duba kanta, ta sake tashi a kan sabon zubi, katangarta da mabuɗinta da darasin yara duk suna nan. Na so a kunna waƙa a gwada, Baba ya ce a'a, da safe aka ce.

Washegari Lahadi, tun kafin a tafi coci na iso na tsaya a baranda cikin kayana masu kyau. Baba ya zo ya wuce ni ya shiga. Ina jiran in ji ƙarar ƙofa, ban ji ba, a buɗe ya bar ta. Jim kaɗan muryar ta fito ta cika harabar makaranta. Da ta ƙare na shiga na ƙame zan ba da rahoto kamar kullum, sai ya ɗaga mini hannu ya nuna kujera. Ban taɓa zama a gabansa a ɗakin nan ba, na zauna a ɗofane.

Ya ce tun ranar da na fara zuwa gidansa abu ɗaya ke damunsa. Ba a ba da 'ya uba shi kaɗai, sai an ji ta bakin uwa, shi kuma bai san inda zai tambaye ta ba. Jiya da hannunsa ya kashe mata wuta, ta tashi. Yau an canja mata ɗaki, ta rera.

"Uwarta ta amsa," ya ce. "Je ka gaya wa babanka su zo."

Na durƙusa a gabansa zan yi godiya. Ya dafa kaina, hannunsa ya daɗe a wurin. Ina bakin ƙofa zan fita ya kira ni, ya ce gonar Dabai kuwa, ko bayan aure, kada in sake in je.